Kafin ki ƙara sabon mai ko sabulu cikin kayan shafarki, ga yadda ake bi

Tunda hunturun nan ya shigo babu ranar Allah da za ta wuce ba a turo min hoton wata kwalba a waya ba, ko a tare ni a gidan biki a ce "Anti dan Allah duba min wannan, yana da kyau? in siya?" Wata siram ce, wato man nan mai ruwa-ruwa da ake ɗigawa a fuska, wata kirim ne na dare, wata kuma sabulu ne da ta gani a TikTok ana wanke hannu ɗaya da shi yana yin fari tas a minti biyu. Ni dai sana'ata gyaran jikin amare ce anan Tudun Wadan Zariya, ba likita bace, amma na ga fuskoki da yawa, na ga wadda mai ya karɓa na kuma ga wadda mai ya yiwa aika-aika, kuma kusan duk wadda ta ji jiki in kika bi diddigi za ki tarar ba wai man kaɗai bane matsalar, yadda ta shigo da shi ne, ta siyo abu uku rana ɗaya ta haɗa su a fuska daren ranar. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, ga ta nan a jere.

Abinda za ki tanada ba wani mai yawa bane: waya mai kyamara, ɗan littafi da biro, madubi, sai haƙurin sati shida. Na ƙarshen nan shi ne yake gagarar mutane.

1. Faɗi abinda yake damunki da sunansa

Kafin kuɗi su fita daga hannunki, tsaya gaban madubi da safe kafin ki shafa komai ki faɗi abu guda ɗaya da kike so a gyara. Kuraje ne? Tabon da kurajen suka bari ne? Bushewa ce da garjewar fata? Maiƙo ne? Kaushi da faso ne? In kika ji amsar da ta fito daga bakinki ita ce "na ga yana yiwa Maman wance kyau ne", toh ajiye wayar, ba ki da buƙatarsa, sha'awa ce kawai kuma za ta wuce zuwa jibi.

Dalilin da yasa nake matsawa a nan shi ne abubuwa da yawa ba mai ne maganinsu ba. Kyasbi da makero ƙwayar cuta ce irin ta fungus, magani suke so na asibiti ko na kemis, duk tsadar loshan ba zai kashe su ba. Ƙurajen goshi sau da yawa man kitso ne yake gangarowa, ko ɗankwali da hijabin da aka kwana biyu ba a wanke ba, ko rigar filo. Bushewar hunturu kuwa rabinta ruwan zafi ne mai tururi da soso mai kaushi da muke dirje jiki da shi kamar muna wanke tukunya, ki rage zafin ruwan, ki shafa basilin ko man kaɗanya tun jikinki da ɗan danshi kafin ya bushe, sai ki ga kwana biyar abin ya lafa ba ki kashe ko kwabo ba.

2. Zube kayan da kike da su a tabarma

Duka fa, har wanda yake cikin kit ɗin lefe tun shekarun baya da wanda ƙawarki ta ɗiba miki a robar magani. Ki ware wanda kike amfani da shi kullum da wanda ya zama kayan ado. Yawanci a nan ne mace take gano tana da abu biyu masu aiki iri ɗaya da sabon da take shirin siya.

Sai ki duba ko sabon zai zauna lafiya da tsofaffin. Abubuwan da suke saɓe fata, irin masu ɗauke da retinol, glycolic acid, salicylic acid ko benzoyl peroxide, kowannensu shi kaɗai ma yana busar da fata, in kika tara biyu ko uku a dare ɗaya fuska za ta yi ja ta dinga zafi ko ruwa ya taɓa ta. Kuma kar ki ce ai na gargajiya ba a lissafa shi, sabulun salo da aka kwaɓa da lemon tsami shima ƙarfi gare shi, dilka ma dirza ce, duk a cikin lissafi suke.

Gargaɗi: in kina da ciki, ko kina neman sa, ko kina shayarwa, duk abinda aka rubuta retinol, tretinoin ko hydroquinone a jikinsa ki bar shi inda kika gan shi. Sauran kuma ki sa kwalbar a jaka ranar awo ki nunawa nos ko likita, ba abin kunya bane.

3. Karanta kwalbar, gaba da baya

Nan ne zan daɗe, dan nan ne ake cin mutane. Gaban kwalba talla ne, bayanta shi ne gaskiya. Ga abinda za ki nema: lambar rajistar NAFDAC, sunan kamfanin da ya yi shi da adireshinsa, ranar da aka yi da ranar da zai lalace, lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, sai jerin sinadaran da ke ciki. In ɗaya daga cikin waɗannan babu, ni dai ba zan sa a fuskata ba, ba kuma zan sa wa amaryar da aka damƙa min amana ba. Lambar NAFDAC ɗin ma ba ita kaɗai za ki dogara da ita ba tunda masu jabu suna iya buga lamba, shi yasa ake haɗawa da sauran alamomi, rubutu ya fita tsaf ko ya dishe, an kankare kwanan wata an liƙa wata takarda a kai ko ba a yi ba, murfin a rufe yake da hatiminsa ko an taɓa buɗe shi.

Akwai wani ɗan zane da mutane basa lura da shi, hoton ƙaramin gwangwani da murfinsa a buɗe, an rubuta 6M ko 12M a ciki. Ma'anarsa daga ranar da kika buɗe wata shida ko wata goma sha biyu ne da shi, ko da kwanan watan lalacewarsa bai zo ba. Ki rubuta ranar da kika buɗe a gindin kwalbar da biro.

Jerin sinadarai kuma a ƙa'ida ana fara rubuta wanda ya fi yawa ne a gangaro zuwa wanda ya fi ƙaranci. Kenan in an cika gaban kwalba da hoton zuma da kurkur amma sai can ƙarshen jerin kika ga sunansu, toh ƙamshinsu kawai kika siya. Ba sai kin iya Turanci sosai ba, sunaye kaɗan za ki haddace yadda ake rubuta su ki dinga nemansu da ido: mercury ko mercurous chloride ko calomel, duk abu ɗaya ne, shi wannan guba ce da take taɓa ƙoda da jijiyoyi kuma tana iya kaiwa ga jariri. Sai clobetasol da betamethasone, su magunguna ne masu ƙarfi da likita yake rubutawa na ɗan lokaci ga cutar fata, ba man shafawa bane. Sai hydroquinone, wanda in aka daɗe ana shafa shi yake juyewa ya bar baƙi-baƙi mai kauri a kumatu da ba ya fita da daɗi.

Ƙananan tub ɗin nan da muke siya a kemis irin su Funbact-A da Skineal, magani ne su, na farkon akwai betamethasone a ciki na biyun akwai clobetasol, an yi su dan ciwo ne, mu ne muka mayar da su abin matsewa a cikin loshan, har da na jarirai wallahi, uwa ta matse tub guda a cikin man kaɗanya ta dinga shafe yaro dan ya yi fari. Sakamakonsa kuma kun sani ko ba a faɗa ba, fata ta yi siririya jijiyoyi su fito kore-kore, nankarwa mai faɗi a hammata da cinya, ɗan ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa, ranar da aka daina kuma fuska ta ɓalle da ƙuraje. Ba a banza hukumar NAFDAC ta fito a 2023 ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan ba.

Toh sai maganar haɗin da ake cewa oganik, wanda ake zubawa a farar roba a liƙa sitika mai fure da lambar waya. Ba ina cewa duk mai haɗawa macuciya bace, ni kaina ina haɗa dilka da halawa, amma zan iya lissafa miki abinda na sa ɗaya bayan ɗaya. Ki tambayi mai siyarwar me da me ke ciki. In tace sirrin sana'a ne, ke kuma fuskarki ba gonar gwaji bace. Kurkur da zuma da madara basa mayar da baƙar mace fara a kwana bakwai, duk man da ya yi haka akwai abinda aka sa ba a faɗa miki ba.

4. Yi lissafin wata, ba na kwalba ba

Abin shafa na kullum ba sau ɗaya ake siyansa ba, in ya karɓe ki kin ɗaurawa kanki cefane ne na dindindin. Dan haka tambayar ba nawa ne kuɗinsa bace, nawa zai dinga ci a wata. Misali a ce siram ce mai mililita (ml) 30, a ƙiyasi ɗigo 20 ne a mililita ɗaya, kenan kusan ɗigo 600. In kina sa huɗu da safe huɗu da dare, takwas kenan a rana, za ta yi miki kamar kwana 75, wata biyu da rabi. In a ce naira 10,000 kika siye ta, 4,000 kenan duk wata. Ki sa farashin da aka faɗa miki yau a wannan lissafin, ki ɗora kuɗin Keke zuwa Sabon Gari da dawowa, ko kuɗin mota in daga Kano ko Kaduna za a aiko miki. Kuma in abin mai saɓe fata ne dole sai kin haɗa da man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama, in ba haka ba ranar bazarar Zariya za ta mayar miki da tabon ya fi na da, shi ma kuɗinsa ya shiga lissafi.

In kin ga sai kin ci bashi ko kin taɓa kuɗin adashi kafin ki iya siyan kwalba ta biyu, kar ma ki fara ta farko.

5. Inda za ki siya

Ki siya a shago ko famasin da za ki iya komawa gobe ki same su, ki karɓi rasit. Kwalbar da ta yini a faranti ko a baro rana tana dukanta a bakin titi ko ta asali ce zafi ya riga ya taɓa ta, siram ɗin bitamin C ma da ido za ki gane, in ta koma ruwan ƙasa-ƙasa mai duhu ta tashi daga aiki. In abu kin san farashinsa a shagunan unguwar PZ sai wani ya ce zai baki a rabin kuɗin, ba sonki yake yi ba. Kuma ki ɗauki ƙaramar kwalba tukunna ko da babbar ta fi araha in an auna, kuma ba saiti ba, ko an ce miki sabulun baya aiki sai da kirim ɗinsa da siram ɗinsa. Ɗaya.

6. Gwaji a hannu kafin fuska

Wannan shi ne matakin da kowa take tsallakewa dan zumuɗi. Ki zaɓi wuri a cikin damtsenki, inda ba a yawan wankewa ba kuma a yawan gogewa, faɗin kamar tsohon sulai. Kar ki sa a bayan hannu ko tsintsiyar hannu, alwala za ta wanke shi sau biyar a rana gwajin ya tashi a banza. Ki shafa daidai yadda za ki shafa a fuska, safe da dare, kwana bakwai zuwa goma a wuri ɗaya. In sabulu ne ko abin wankewa, ki bar shi kamar minti biyar ko yadda aka rubuta a jikinsa sannan ki ɗauraye.

Me yasa har kwana bakwai? Saboda ba duk rashin jituwa ne yake nuna kansa nan take ba, wani sai bayan kwana biyu uku ko fiye zai fara ƙaiƙayi. Akwai wata amarya da aka kawo min, ta gwada wani kirim a hannu da la'asar bayan isha'i ta ga ba komai ta lafta a fuska, ana saura kwana tara ɗaurin aure, kwana na uku fuskar ta yi ruɗu-ruɗu, dilkar da aka biya kuɗinta ma ban iya yi mata a fuska ba, asibiti na ce a kai ta.

Gargaɗi: in wurin ya yi ja, ya kumbura, yana ƙaiƙayi ko ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa, ki wanke da ruwa mai sanyi, ki shafa basilin kawai, shikenan kun rabu da wannan man. Kar ki ce bari in rage yawa in gwada a fuska ko ita za ta ɗauka, fatar fuska ta fi ta hannu laushi.

7. Shigo da shi a hankali, shi kaɗai

Hannu ya wuce lafiya, toh yanzu fuska. Kafin shafawar farko ki ɗauki hoto ba kwalliya ba filta, a tsakar gida ko bakin taga da safe, gaba da gefe da gefe. Duk sati ki sake ɗauka a wuri ɗaya lokaci ɗaya, dan ido yana yaudara, ranar da kika tashi da farin ciki za ki ga kin yi kyau ranar da aka ɓata miki rai ki ga man baya aiki. A littafin nan ki rubuta ranar da kika fara da duk abinda kika ji, har da kwanakin al'ada, dan wasu ƙurajen nata ne ba na man ba.

In mai laushi ne na hana bushewa za ki iya farawa kullum. In mai ƙarfi ne irin retinol ko masu acid, da dare kawai, sau biyu a sati na sati biyun farko, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake ya ishi fuska gaba ɗaya, ki kauce gefen ido da gefen hanci da leɓe, in fata ta ɗauka sai ki koma bayan kwana ɗaya-ɗaya. Jerin shafawa kuma, a wanke fuska, a fara da mai ruwa-ruwa, a bi da mai kauri, da safe man kariya daga rana ya zo ƙarshe. Mai benzoyl peroxide yana cinye kalar tufafi, kar ki kwanta da shi a kan zanin gadonki na ji da kai ko ki goge da hijabi mai kala.

Abinda yafi komai a wannan matakin, kar ki canza komai a cikin sauran kayanki. Sabulunki na da, manki na da, hodarki ta da. In kika canza abu biyu tare fuska ta ɓaci ba za ki san mai laifi ba, in ta yi kyau ma ba za ki san wanda za ki ci gaba da siya ba, sai ki dinga biyan kuɗin biyu. In akwai wani sabon da yake jiran layi ki bashi aƙalla sati biyu tsakani.

Gargaɗi: ba a fara sabon abu ana saura sati biyu biki ko sallah ko suna. Amare musamman, in za ki fara ki fara tun ana saura wata uku, in lokaci ya ƙure ki tsaya a abinda fatarki ta sani.

8. Ranar yanke hukunci

Ki sa rana a waya, sati shida daga ranar farko. Man bushewa a kwana kaɗan za ki ji bambanci, amma na ƙuraje yana ɗaukar sati huɗu zuwa shida kafin a fara gani, tabo kuwa watanni yake ci, dan fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta. Ranar sai ki jera hotunan ki duba abinda kika ambata a mataki na ɗaya, shi kaɗai, ba wai "na ɗan yi haske" ba alhali dan ƙuraje kika siya kuma suna nan daram. Ya ragu kuma aljihu zai ɗauka, ya samu gurbi. Babu wani canji, ki ƙarasa kwalbar ko ki ajiye, kar ki sake siya. Ya yi aiki amma yana busar da ke, ki rage kwanakin.

Masu siyarwa suna da wata magana da suke faɗa in kin koma da ƙorafi, wai ai datti yake fitarwa ki ci gaba. Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce, retinol da masu acid suna iya sa ƙuraje su ɗan ƙaru a farko a wuraren da dama suke fito miki, kuma su lafa cikin 'yan satuttuka. Amma loshan na jiki ko sabulu ba shi da wani dattin da yake fitarwa, zafi da raɗaɗi da saɓa kamar ƙuna da gaɓoɓin yatsu suna baƙi jiki yana fari, wannan ɓarna ce ba gyara ba.

Gargaɗi: in leɓe ko ido ya kumbura, ko jiki ya ɓalle da borin jini, ko numfashi ya fara yi miki wuya, ba lokacin tambayar ƙawa a WhatsApp bane, asibiti mafi kusa nan take, Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan in kina cikin birni, ko duk wanda ya fi kusa da ke. In kuma kin daɗe kina shafa haɗin da kike zargin akwai irin su clobetasol a ciki, watanni ko shekaru, kar ki yanke shi rana ɗaya da kanki dan fatar tana iya yin bore, ki nemi ganin likitan fata a asibitin koyarwa na Shika ya tsara miki yadda za ki sauka. Ki tafi da robar ko kwalbar a hannu, har da kwalinta in bai ɓata ba.

Sauran kwalbar da bata karɓe ki ba kuma, in nauyi kawai ta yiwa fuskarki kuma takardunta sun cika, ki ƙarar da ita a ƙafa da gwiwar hannu. In kuwa ƙona ki ta yi ko babu rubutun abinda ke ciki, kar ki miƙawa ƙanwarki ko yarinyar da take taya ki aiki dan kina jin asarar kuɗin, ki matse ta a shara ki huda robar dan kar yara masu tsince-tsince su ɗauka su sake cika ta.